Finafinan tarihin 'yan wasa: ina gaskiya take, ina aka zuba gishiri?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni koci ne na wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallo ta yaran unguwa, 'yan shekara 13 zuwa 17. Ranar da aka yi ruwa fili ya jiƙe, nakan tara su a shagon wani abokina in kunna musu finafinan nan na 'yan wasan da suka sha wuya kafin su yi suna, ko sa ƙara ƙwazo. Sai yayana ya ce ɓata lokaci nake yi, duk shiri ne, rabinsa ƙarya. Shin haka ne? In daina?

Amsa: Koci, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri. Kada ka daina. Amma shi ma Yaya ba daga sama ya ɗauko maganarsa ba. Akwai gishiri a finafinan nan, sai dai ba a inda yake zato aka zuba shi ba. Na daɗe ina koyar da rubutun fim, kafin nan kuma na yi shekaru ina rubuta labarin wasanni, don haka na saba ajiye fim a gefe guda, tarihin mai shi a ɗaya gefen, in ga inda suka raba hanya. Wahalar da ake nunawa yawanci gaskiya ce, sau da yawa ma rage ta ake yi don mai kallo ya iya jurewa. Inda ake ɗinki shi ne wajen bos, da daƙiƙar ƙarshe ta wasa, da wurin da aka zaɓa a tsayar da labari.

Ka ɗauki irin wannan fim kamar kirarin ɗan dambe. Makaɗi ba zai ce gwaninsa ya yi kisa a inda bai yi ba, domin jama'a na wurin, za a ƙaryata shi nan take. Amma ranar da aka buge gwanin, ko ranar da aka yi turmi uku babu kisa kowa ya watse yana hamma, waɗannan ba za ka taɓa jin su a bakin kalangu ba.

Bari in fara da wanda na fi sani, James Braddock, ɗan damben boksin na Amurka da aka yi fim ɗin Cinderella Man a kansa a 2005, Russell Crowe ya fito a matsayinsa. A 1929 Braddock ya nemi kambun duniya a hannun Tommy Loughran, suka yi turmi 15 aka ba Loughran. A shekarar ce tattalin arzikin Amurka ya karye, ɗan abin da ya tara ya bi ruwa. Ga kuma hannunsa na dama, wanda da shi yake cin abinci a dambe, ya yi ta karyewa. A wasanni 33 da suka biyo baya, 11 kawai ya ci, aka doke shi a 20. Ya koma dako a tashar jiragen ruwa ta New Jersey, inda ake tsayuwar layi da asuba, a zaɓi wasu a sallami sauran. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga mata ga 'ya'ya uku, sai da ya je ya karɓi tallafin da gwamnati ke ba marasa galihu, abin da ya tsaya masa a rai ƙwarai. Duk wannan ya faru. Har mayar wa gwamnati kuɗin tallafin da ya yi bayan ya samu, wanda mai kallo zai rantse marubuci ne ya ƙirƙiro, ya faru.

Akwai wani ɗan abu a wannan dakon da nake so ka nuna wa yaranka. Saboda dama ba ta da lafiya, da hagu yake jan kaya, yau da gobe, har hagun ta yi ƙarfin da ba ta taɓa yi ba. A watan Yunin 1934 aka neme shi cikin gaggawa ya cike gurbi da wani matashi mai tashe, Corn Griffin. An kawo shi ne don a doke shi, sai ya gama da yaron a turmi na uku. Ya bi da John Henry Lewis, ya bi da Art Lasky, sannan ranar 13 ga Yunin 1935 ya haɗu da zakaran duniya ajin masu nauyi, Max Baer. Masu caca sun sa 10 a kan 1 cewa Baer ne zai ci. Aka yi turmi 15, alƙalai suka ba Braddock baki ɗaya. Shekara ɗaya tak tsakanin layin dako da kambun duniya, kuma babu ƙari ko kaɗan a lissafin.

To ina gishirin? Yana jikin Max Baer. Fim ya mai da shi mugun bos mai alfahari da kisan kai, mai tsokanar matar abokin karawarsa. Gaskiya ne wani ɗan dambe, Frankie Campbell, ya mutu bayan karawarsu a San Francisco a watan Agustan 1930. Sai dai waɗanda suka san Baer sun shaida abin ya dame shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma ya taimaka wa iyalin mamacin da kuɗi. Mutum ne mai barkwanci, wanda babban aibinsa a wannan karawar shi ne raina abokin hamayya da wasa da atisaye. Da fim ɗin ya fito, ɗansa ya fito fili ya yi ƙorafi. Ni ma ina ganin an ci zalin mamaci, kuma ba tare da wata buƙata ba, domin yunwa da karyayyen hannu sun ishi Braddock abokan gaba.

Dalilin da ya sa marubuta ke yin haka ba ɓoyayye ba ne, ni kaina na koyar da shi a aji. Talauci ba shi da fuska. Kyamara ba ta iya ɗaukar hoton kuɗin haya ko ciwon gwiwa ta sa ɗan kallo ya miƙe tsaye yana zagi. Mai kallo yana son wanda zai tsana, sai a nemo mutum guda a jibga masa laifin zamani gaba ɗaya.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun fi kowa sanin wannan, akta da bos. Dubi Dangal na 2016, wanda Aamir Khan ya fito a matsayin Mahavir Singh Phogat, mutumin ƙauyen Balali a jihar Haryana da ya koya wa 'ya'yansa mata kokawa duk da surutun gari. Na kalle shi a wani gidan kallo cike maƙil. Da aka zo inda kocin ƙasa ya sa aka kulle uban a wani ɗaki don kada ya ga wasan ƙarshe na 'yarsa, wani dattijo a bayana ya cire hula ya buga a gwiwa, ya ce, “Allah Ya isa tsakaninmu da kai!” Yara suka ɗauki ihu. Da 'yar tasa, Geeta, ta ɗaga abokiyar karawarta ta maka da ƙasa ana saura daƙiƙu, ta kwashi maki biyar a tashi ɗaya, har benci sai da aka karya.

Abin da ya faru a Delhi a 2010, a gasar ƙasashe rainon Ingila, ya fi haka sauƙi. Geeta Phogat ta ci lambar zinare a ajin kilo 55, ta doke Emily Bensted ta Ostireliya da 1-0 a zagayen farko, 7-0 a na biyu, ko zagaye na uku ba a kai ba. Ubanta yana cikin 'yan kallo, babu wanda ya kulle shi. Kocin da ya horar da tawagar a lokacin, P. R. Sondhi, ya nuna ɓacin ransa a bainar jama'a duk da an canza sunan kocin a fim. Lura da abin da gishirin ya ɓata a nan, Koci. Yarinyar ta shirya ne har wasan ƙarshe ya zo mata da sauƙi, wato atisayen shekaru ne ya yi aikinsa. Fim ya karɓe wannan ya ba ta sha da ƙyar a daƙiƙar ƙarshe. Yaron da ya kalla zai fita da tunanin cewa gwaninta ita ce abin mamakin da ake yi ana saura minti ɗaya a tashi, alhali kai abin da kake fama ka cusa masa shi ne ya zo fili ƙarfe huɗu ranar Talata ko babu mai kallonsa.

A nan ne ma babbar asarar take, kuma ba laifin kowa ba ne, yanayin sana'ar ne. Fim awa biyu ne ko biyu da rabi. Juriya kuwa abu ne na shekaru, kuma yawancinta gundura ce: tashi da asuba, gudu a hanya ɗaya, abinci iri ɗaya, ciwo ya warke ya dawo. Ba a iya nuna wannan yadda yake, kowa zai yi barci. Sai a dunƙule shi cikin waƙa ɗaya ta minti uku, jarumi yana gudu, yana ɗaga ƙarfe, gumi na zuba, rana na fitowa tana faɗuwa, waƙa na ƙarewa ya zama gwani. Nakan ba ɗalibaina aiki su ƙirga mintunan da fim ya ba atisaye su kwatanta da shekarun da mai labarin ya yi yana yi. 

Sai maganar inda ake tsayar da labari. Milkha Singh, ɗan tseren Indiya da aka yi Bhaag Milkha Bhaag a kansa a 2013, ya ga abin da ya fi ƙarfin fim. An kashe iyayensa a rikicin raba Indiya da Pakistan a 1947, ya tsere zuwa Delhi yana yaro, ya yi zaman sansanin 'yan gudun hijira, ya nemi shiga soja sau uku ana mayar da shi sai a na huɗu. A sojan ya fara gudu. A 1958 ya ci zinare a Cardiff a tseren yadi 440, ya ci biyu a gasar Asiya a Tokyo. A gasar Olamfik ta Rom a 1960 kuwa, a tseren ƙarshe na mita 400, ya ɗan sassauta a tsakiya ya waiga, ya ƙare na huɗu, tazarar da ke tsakaninsa da Malcolm Spence na Afirka ta Kudu mai lambar tagulla ba ta kai ƙiftawar ido ba. Ta leƙo ta koma, kuma har ya rasu a 2021 yana ambaton wannan waigen da takaici. Fim bai ɓoye faɗuwar ba, da ita ma ya buɗe. Amma ya rufe da tseren Lahore, inda Milkha ya doke Abdul Khaliq na Pakistan har Janar Ayub Khan ya yi masa laƙabi da Sikh mai tashi sama (Sikh sunan mabiya addininsu Milkha ne), kamar dai a nan ya rama abin da ya faru a Rom. A kalanda, tseren Lahore a farkon 1960 aka yi shi, watanni kafin Rom. An juya jerin ne don a tashi daga kallo da murna.

Na Jesse Owens, ɗan tseren Amurka, ya fi ciwo. Lambobin zinare huɗu a gasar Olamfik ta Balin a 1936, a gaban Hitler: mita 100, mita 200, dogon tsalle, da gudun ba ni in ba ka. Fim ɗin Race na 2016 ya kai mu har liyafar da aka shirya masa a otal ɗin Waldorf Astoria a New York, inda aka sa shi bin lif ɗin kaya saboda baƙar fata ne, kuma wannan gaskiya ne. Daga nan aka sauke labule. Abin da ya biyo baya: hukumar wasannin ƙasarsa ta dakatar da shi saboda ya ƙi bin tawaga zuwa wasu wasanni a Suwidin, Shugaba Roosevelt ko saƙon taya murna bai aika masa ba, ya koma yin tsere da dawakai a wuraren taro don ya ciyar da iyali, kasuwancinsa ya karye, ya yi aiki a gidan mai, har shari'ar haraji aka yi da shi a shekarun 1960. Sai a 1976 Shugaba Ford ya ba shi babbar lambar yabo ta ƙasa, ya rasu a 1980. In ana neman juriya a rayuwar Owens, ni a waɗannan shekaru 40 na fi ganinta, lokacin da babu tafi, ga suna ga talauci. Shi ma Braddock, kambun shekara biyu ya yi a hannunsa, Joe Louis ya kwantar da shi a turmi na takwas a Chicago a watan Yunin 1937. Abin da ya rufa masa asiri shi ne wayon manajansa Joe Gould, wanda ya ƙulla yarjejeniyar cewa za a riƙa ba su kashi 10 cikin 100 na ribar da mai shirya wasan ke samu daga damben kambun har shekara goma. Wannan darasi ne da ya kamata duk yaron da ke mafarkin sa hannu a kwantaragi ya ji, amma lissafin takarda ba ya daɗin kallo.

Don kada in zama mai ganin baƙi kawai, akwai wanda ya burge ni. Rush na 2013, kan direban tseren motoci Niki Lauda ɗan Ostiriya. Ranar 1 ga Agustan 1976 motarsa ta kama da wuta a filin Nürburgring na Jamus, abokan tserensa ne suka zaro shi. Ya ƙone a kai da fuska, yawancin kunnensa na dama ya tafi, hayaƙi ya lalata masa huhu, har limamin coci aka kira ya yi masa addu'ar ban kwana. Bayan mako shida ya dawo tsere a Monza ta Italiya da raunuka ɗanye, ya zo na huɗu, kuma daga baya ya faɗa da bakinsa cewa tsoro ya kusa hana shi tuƙi a ranar gwaji ta farko. Sai ga tseren ƙarshe na shekarar a Japan, ruwa kamar da bakin ƙwarya, yana gaba a yawan maki. Ya yi zagaye biyu ya ajiye mota, ya ce ransa ya fi masa kambu. Abokin hamayyarsa James Hunt ya ɗauke kambun da maki ɗaya, 69 da 68. Fim ya nuna wannan yadda yake, bai mai da shi matsoraci ba. Gabar da ke tsakaninsa da Hunt ce aka ɗan hura wa wuta, don a zahiri abokai ne. A shekarar da ta biyo Lauda ya karɓe kambunsa, ya sake ci a 1984. Wannan wurin nake so ka tsayar ka yi wa yaranka magana, musamman masu ɓoye targaɗe don kada a ajiye su a benci. Yaro ɗan 15 da ya buga wasa da kumburarriyar gwiwa saboda ya ga akta ya yi, yana iya rasa ƙafar wasan gaba ɗaya.

Abu ɗaya kuma da kowane irin fim ɗin nan ke yi ba da niyya ba: wanda ya kai ga gaci kaɗai ake yi wa fim. A layin dakon da Braddock ya tsaya akwai ɗaruruwa masu haƙuri irin nasa, har da tsofaffin 'yan dambe, da ba wanda ya kira su cike gurbi. Shi ya haɗa juriya da baiwa, da manajan da bai yar da shi ba, da rabo. In yaro ya ɗauka duk wanda bai zama zakara ba ragwanci ne ya hana shi, ranar da aka ƙi ɗaukarsa a gwaji zai tsani kansa a banza. Labarin Phiona Mutesi yana maganin wannan. Yarinya ce daga unguwar talakawa ta Katwe a Kampala, mai tallar masara, wadda kunun da ake rabawa ne ya fara kai ta inda Robert Katende ke koya wa yara darar Turawa da ake kira chess. An yi Queen of Katwe a kanta a 2016. Ta wakilci Yuganda a gasar duniya, amma ba ta zo kusa da zama zakarar duniya ba. Abin da wasan ya ba ta shi ne komawa makaranta, har ta samu gurbin karatu a wata jami'a a jihar Washington ta Amurka a 2017. Cikin yara ashirin da ke hannunka, irin wannan cin ne ya fi kusa da yawancinsu.

Ga yadda zan yi da ni ne kai. Kafin ranar kallo, in karanta tarihin mutumin ko na minti ashirin ne a waya. Bayan an gama, in tambaye su wane wuri suke zaton an ƙara, su yi ta gardama, sannan in faɗa musu. Yara suna son kama fim da ƙarya, kuma abin da suka kama da kansu ba sa mantawa. In Dangal ne, bidiyon wasan ƙarshe na 2010 yana intanet, gajere ne, kunna musu su ga 7-0 da idonsu. In tambaye su kuma wa ya tsaya wa jarumin lokacin da ba shi da kowa. A labarin Owens akwai wani malamin makaranta a Cleveland, Charles Riley, wanda ya ga yaron yana aikin neman kuɗi bayan an tashi, ba zai samu zuwa atisayen yamma ba, sai ya riƙa fitowa da sassafe yana horar da shi kafin a shiga aji. Fim ya fi mai da hankali kan kocinsa na jami'a, Larry Snyder, amma Owens da kansa Riley yake ambata a matsayin wanda ya ɗora shi a hanya. Na san a ƙungiyarka ba za a rasa yaron da ke makara saboda tsaron shago ko kai niƙa ba.

Sai dai ka riƙa fara kallon kowane fim kai kaɗai kafin ka tara su. Rush yana da wuraren da ba su dace da yara ba ko kaɗan, sai ka tsallake ko ka ɗauki ɓangaren hatsarin da dawowar kawai. Na Milkha ma akwai sharholiya a tsakiya, ga kuma kisan 1947 da aka nuna ƙuru-ƙuru, zai yi wa 'yan 13 nauyi. Queen of Katwe da Dangal za ka iya kunna su daga farko har ƙarshe ko iyayen yaran na zaune. Ka gayyato Yaya ranar Dangal, ka bar shi ya faɗi wurin da yake ganin shiri ne kafin ka nuna bidiyon Delhi.